Modul Ɗin da Ya Ƙi Yin Rajista

Laraba

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya ƙarfin jiki? Yaya idon, yaya kuma wuya? Auta ta gaya mini wuyan ya fi idon damunka yanzu, tun da likita ya ce ka kwanta rub-da-ciki, fuska ƙasa, har sai aikin da aka yi a cikin idon ya kama. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Ka gaishe mini da Kawu da iyalinsa, ka yi musu godiyar masauki. Inna tana lafiya, ƙafar ta yi dama, tana gaishe ka. Har yanzu tana kan bakanta cewa kwamfuta ce ta cinye maka ido, kuma saura nawa.

Auta, na san ke za ki karanta masa wannan, tunda an hana shi duban rubutu da fuskar waya. Sannu da jinya. Ki karanta a hankali, ba irin karatun da kike wa 'yan ajinki ba, kuma in kin zo wurin da bai shafe ki ba, ki yi kamar ba daga bakinki yake fita ba.

Ka ce a waya ba na iya cewa komai sai yaya jiki, gara in rubuto maka labarin ofis ko kanka ya sami abin taunawa. To ga shi.

Na gama rubuta modul ɗin Hajiya mai kayan makaranta. Ka tuna matsalarta: yawancin masu sayen yunifom da jaka da safa a shagonta na intanet iyaye ne na garuruwan nesa, kuma ba sa son a ce za a kai musu har ƙofar gida. So suke a ba direba a tasha, a turo musu lambarsa, su je su karɓa da kansu. Ita kuwa manhajar shagon hanya biyu kawai ta sani, ko a kai gida ko a zo shago. Shi ya sa na rubuta mata wannan ƙarin, wanda zai koya mata hanya ta uku. A kwamfutata yana aiki lafiya lau. Ka zaɓi gari, ya nuna maka motocin da ke zuwa can, ya tura wa mai saye lambar direba. Har na gwada da lambar direbanmu, wannan da zai kawo maka takardar nan, ya kira ni yana tambaya wane kaya ne aka ce ya ɗauka.

Na tura shi zuwa sabar da ke riƙe da shagon, kamar yadda muka saba. Injin turawa ya nuna kore, ya ce an gama. Da na tambayi manhajar ta faɗa mini modul ɗin da ta sani, babu shi. Ba ya cikin masu aiki, ba ya cikin waɗanda aka kashe. Kamar ba a taɓa haihuwarsa ba.

Na fara daga inda kowa yake farawa. Fayil ɗin rajista yana nan, waɗannan 'yan layuka da modul yake gabatar da kansa da su, ya ce ga sunana ga inda nake zaune. Sunan da ke ciki ya yi daidai da wanda ke cikin fayil ɗin saitinsa. Na share duk abin da manhajar ta ajiye a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, na sake ba ta umarnin ta duba sababbin baƙi. Ta duba, ta ce ba ta ga kowa ba.

Ba don wani abu ba, da na ce ƙaramin aiki ne. Amma ka san Hajiya. Wanda ya yi mata aiki kafin mu ya ɓace ne ana sauran kwanaki a koma makaranta, ya bar ta da kaya jibge. Ranar da na dawo daga wurinka ta sa na yi mata alkawari ba zan bar gari ba sai iyaye sun fara saye ta tasha. Na yi alkawarin da sauri, don na zaci aikin yini biyu ne. Ranar Alhamis ta mako mai zuwa kuwa likita zai duba ka, ya faɗi ko aikin ya kama, ko za ka iya ɗaga kai. Ina so in kasance a ɗakin nan lokacin da zai faɗa. Na baro ka kana barcin allura, sai a waya na ji yadda aikin ya kasance, ban ji daɗin haka ba, kuma ba na so labari na biyu ma ya zo mini ta bakin waya.

Ofis yana nan yadda ka bar shi. Mai hoto na ƙasa yana tambayarka kullum, har ya ce in gaya maka tun da ka tafi ba wanda ya ƙara yi masa gardamar ƙwallo, rayuwa ta yi masa lami. Fankar tana fuskantar teburinka, ban juyo da ita ba. Jiya na ji kaina ina cewa zo ka ga wani abu, har na matsar da kujerata don ka sami wurin tsayawa.

Ka sha magani a kan lokaci. Kada ka ɗaga kai don ka ji Kawu ya shigo, ya san halin da kake ciki, ba zai ce ba ka da ladabi ba.

Wassalam. Taka har kullum,
Matarka

Asabar

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka kwana lafiya, kuma sauƙi yana ƙaruwa. Yaya Kawu, yaya mutanen gidan? Auta, sannu da ƙoƙari, Allah Ya ba ki miji mai lafiyar ido. Inna ta ce a tambaye ka ko ana ba ka matashi mai laushi a ƙarƙashin goshi, don ta san fatarka ba ta son matsi. Mu nan lafiya, sai kewa.

Akwai jaka a bakin ƙofar ɗakinmu. Jiya na haɗa ta. Bari in gaya maka yadda aka yi.

Ranar Alhamis na daina zargin modul ɗin, na shiga cikin sabar da kaina na duba. Ashe ba rajista ce ta ƙi ba tun farko, shi kansa ne bai iso ba. Inda ya kamata jakar fayilolinsa ta zauna babu komai. Na ce ko izinin rubutawa ne ya hana, na duba, lafiya. Na ce ko wuri ne ya cika, akwai wuri har da saura. Na ce ko na saka shi cikin abubuwan da injin turawa yake tsallakewa ba tare da na sani ba, ba ya ciki. Sai na yi gwaji: na canza launin wani maɓalli a tsohon shafi, na tura. Kafin in ajiye kofi ya canza a shagon. Wato hanya a buɗe take ga tsofaffin fayiloli, sabon ne kaɗai ake tsayarwa a wani wuri, kuma injin yana kallona yana cewa an gama.

Na kira kamfanin da ke ajiye mana sabar. Wani mai sanyin murya ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko na gwada kashewa da kunnawa. Na yi masa godiya.

Jiya da rana haƙurina ya ƙare, na yi abin da kake hana ni. Na kwafe fayilolin da hannu na zuba su a sabar kai tsaye. Na ba da umarni, sai ga sunansa ya fito. Na kunna shi, na shiga shagon kamar mai saye, na zaɓi riga da wando, na zo wurin biya, ga hanya ta uku nan zaune kamar da ma can gidansu ne. Maigida, na tashi tsaye ni kaɗai a ofis. Na kira Hajiya ta gwada da wayarta, ta yi ta sa mini albarka. Na tsaya a tasha na gaya wa direba ya ajiye mini kujerar gaba ranar Lahadi. Na zo gida na haɗa jaka, har da rigar nan taka mai maɓalli a gaba, don Auta ta ce masu shiga ta kai suna ba ka wahala.

Yau da safe kiran Hajiya ne ya tashe ni. Shafin biya ya faɗi gaba ɗaya, duk wanda ya zo saye sai ya ga farin allo. Na buɗe kwamfuta ko shayi ban sha ba. Fayilolin da na zuba jiya babu ko ɗaya, an share su tas kafin gari ya waye, ita kuma manhajar tana neman modul ɗin da na ce mata ya zo, ba ta gan shi ba, ta zauna ta ƙi motsi. Na cire sunansa daga cikin saitin, shagon ya tashi. Mun koma inda muke ranar Laraba, sai dai yanzu Hajiya ta ga abin da idonta, ta kuma ga ya tafi. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi kawai, wancan ma haka ya fara, yau ya yi gobe bai yi ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ni ce mai rubuta modul, kai ne mai kula da sabar, haka muka raba tun da muka buɗe ofis, kuma ban taɓa jin rabon ya yi mini nauyi ba sai yanzu. Don haka ina tambaya, ka amsa ta bakin Auta in mun yi waya, ba sai ka yi dogon tunani ba. Akwai wani abu da ka saka wanda yake share abin da bai biyo ta injin turawa ba? In akwai, me ya sa shi injin yake barin tsoho ya wuce yana riƙe sabo? Amsar kalma ɗaya ma ta ishe ni, in dai ta nuna mini ƙofar da zan ƙwanƙwasa.

Na je na ba direba haƙuri a kan kujerar. Ya ce ba komai, kujera ba ta gudu. Jakar ban kwance ta ba. Inna tana kewaye ta in za ta wuce.

Da yamma nakan tsaya a tagar ofis lokacin da teloli suke rufe shaguna, lokacin nan da kake fara cewa mu tashi, in ce saura layi ɗaya. Yanzu ba mai cewa mu tashi. Nakan zauna har sai na ji yunwa ta tuna mini.

Allah Ya tashi kafaɗunka. A gaida kowa.

Taka,
Matarka

Litinin

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Yaya kwanan jiki? Auta ta ce shekaranjiya idon ya yi maka nauyi har kun koma asibiti, an ƙara maka maganin ɗigawa. Hankalina bai kwanta ba sai da na ji muryarka jiya. Allah Ya sa ƙarshen wahalar ke nan. Ina gaida Kawu. Inna ta yi maka addu'a mai tsawo, ta ce in rubuta duka, na ce takardar ba za ta ɗauka ba.

Auta, ni da ke akwai magana. Jiya da ya tambaye ni yaya aikin Hajiya, ya ce yana fatan na gama, sai na gane. Ashe gaisuwa kike karanta masa, da labarin Inna, da na mai hoto, sai ki yi tsalle ki dira a kan wassalam. Shi kuma bawan Allah har yana yaba mini wai na iya taƙaita magana. Da na tsare ki kin ce kalmomin suna karya miki harshe, kuma likita ya ce kada a kawo masa abin da zai sa shi tunani. Na farkon ban yarda ba, malamar makaranta guda. Na biyun kuwa kin fi ni gaskiya. Kin ce ranar da ya ji an ambaci sabar a rediyo sai da ya nemi ɗaga kai. Don haka ban tambaye shi a waya ba, kuma ba zan tambaya ba. Idonsa ya fi shagon kowa. Ki ci gaba da tsallakewa, daga nan har inda na sa alama. Ina rubutawa ne don ba ni da wanda zan gaya wa.

Jiya Lahadi a ofis na yini. Na sake gina modul ɗin da wani suna na tura, bai isa ba. Na yi wani wanda ba komai a cikinsa sai fayil ɗin rajista, shi ma bai isa ba. Wato ba abin da na rubuta ne ake ƙi ba, duk wani sabo ne. Na bi saitin injin turawa layi-layi, na ga wurin da yake miƙa aiki ga wani mataki da ka sa wa suna mai gadi, amma abin da mai gadin yake yi yana cikin asusunka, ba ni da mabuɗinsa. Na tsaya a nan. Na san ƙofar yanzu, ban san abin da ake cewa a buɗe ba.

Auta, daga nan ki ci gaba da karantawa.

Maigida, wataƙila ba zan sami zuwa ranar Alhamis ba. Gara in faɗa yanzu da ka yi ta sauraron ƙarar mota. Aikin bai ƙare ba, kuma na ba da alkawari. Na san abin da za ka ce, cewa likita zai faɗi abin da zai faɗa ko ina nan ko ba na nan. Gaskiya ne. Amma ni na san yadda kake yi in kana jin tsoro, ka yi ta ba mutane dariya har su zaci ba abin da ke damunka. Auta za ta yi dariyar, Kawu ma zai yi. Ina so a sami mutum ɗaya a ɗakin da ba zai yi ba.

Abin da na fi kewa ba babba ba ne. In na gama rubuta abu nakan ce na tura, kai kuma ka yi shiru kana karantawa, can sai ka ce ya yi. Shekara da shekaru ban taɓa lura ina jiran wannan kalmar ba. Yanzu in na tura sai ɗakin ya yi tsit, in ji ƙarar keken teloli daga ƙasa.

Ka yi haƙuri da ni. Ka ci abinci ko ba ka so.

Taka,
Matarka

Talata

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka tashi da sauƙi, idon ya daina nauyi. Gaisuwa ga Kawu da mutanen gida. Inna lafiya, yau har ta taka zuwa bakin titi.

Auta, wannan karon ba tsalle. Ki karanta duka, kalma ta karya miki harshe ko kada ta karya. Babu abin tayar da hankali a ciki, kuma in ya nemi ɗaga kai ki danna masa ƙeya, na ba ki izini.

Jiya bayan na kai wa direba takarda na koma gida da wuri, don zaman ofis ba ya ƙara mini komai. Na buɗe durowar gefen gado ina neman abin yanke farce, sai na ga wayarka. Ka tuna a ƙofar asibiti na ƙwace ta, don na san in tana kusa da kai ba likitan da zai hana ka leƙawa. Na kashe ta, na zo da ita gida, na manta da ita. Ba wani tunanin aiki ne ya sa na ɗauko ta ba. So nake kawai in ga wani abu naka ya yi haske a ɗakin. Na sa ta a caji na kunna, na zauna a bakin gado.

Sai ta fara kuka. Saƙo a kan saƙo, har tana tafiya a kan durowa. Ban iya buɗe ta ba, amma kan saƙonnin yana fitowa a fuska. Duk daga mai gadi suke, kuma duk magana ɗaya: sabon modul yana jiran amincewarka. Modul ɗin tasha yana ciki. Wanda na canza wa suna yana ciki. Har ɗan fankon nan da na yi ranar Lahadi yana tsaye a layi yana jira.

Na daɗe zaune da wayar a hannu. Dokarmu ce, na sani, tun ranar da muka sa tebur biyu a ofis: sabon abu ba ya shiga shagon mutane sai ɗayanmu ya karanta na ɗaya. Ni a zatona magana ce tsakanina da kai. Ban san ka je ka koya wa inji ba, har ka sa shi ya riƙa share duk abin da ya shigo ta bayan gida. Kuma da yake ni ce kullum mai rubuta sabo, kai ne kullum mai karantawa, buƙatar ba ta taɓa zuwa wayata ba. Ashe duk lokacin da ka ce ya yi, babban yatsanka yana kan waya. Ni kalmar nake ji, ban taɓa kallon hannun ba.

Ban sani ba ko dariya na yi ko kuka, Inna dai ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Na ce mata na gano abin da ya hana aikin tafiya, yana cikin durowata tun ranar da na dawo. Ta ce da ma ta faɗa, duk abin da aka rasa a gidan nan a ɗakina yake.

Na gwada yatsana, ta ƙi. Ban yi mamaki ba. Wayar tana nan, yatsan yana can.

Yau da safe na tafi shagon Hajiya. Na same ta tsakanin kwalaye, tana rarraba riguna bisa girma, tef ɗin awo a wuya. Na nuna mata wayar, na yi mata bayani dalla-dalla. Ta karɓa ta juya ta, ta danna nata yatsan, ta danna na ɗaya hannun, sannan ta tambaye ni ko naka na zinariya ne. Na ce a wurin wannan injin dai haka ne. Sai ta faɗi abin da na san za ta faɗa, don ni ma na kwana da shi: a ba direba wayar mana, ya kai, a danna, ni kuma ina nan zaune a gaban kwamfuta in ƙarasa.

Na shirya amsoshi a hanya. Zan iya cewa ba za ka amince da abin da ba a karanta maka ba, kuma mai karatun da ke wurinka an san halinta. Zan iya cewa in waya ta shiga hannunka ba tare da ni ba sai ka leƙa. Duka gaskiya ne. Amma da na buɗe baki sai na ga ba su ne dalilin ba, kuma matar nan an taɓa yi mata wasa da hankali, ba zan ƙara mata ba. Na ce mata haka ne, direba zai iya kaiwa, aikin zai yi. Na ce sauran umarnin daga ko'ina zan iya ba da su in akwai kwamfuta a cinyata, amma alkawari na yi, in ta ce in zauna zan zauna. Sannan na gaya mata jibi ne likita zai faɗi ko mijina zai ci gaba da gani da idon nan, kuma ina so in je.

Ta ci gaba da ninke riga, ta ninke wata, ta ɗora. Na tsaya ina kallon hannunta har na fara tunanin yadda zan naɗe wayar don kada ta fashe a mota. Can sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, wai ita ba ta yarda da direban nan a kan waya ba. Wai bara ta ba shi agogon bango ya kai wa 'yarta, ya isa da shi ba gilashi. Kayan da shagonta gaba ɗaya ya rataya a kansu ba za ta damƙa wa mutumin da yake zama a kan saƙon mutane ba. In kai da kaina, in riƙe a jaka, kada in sa a but ɗin mota. Ta ƙara da cewa kafin in kwanta gobe tana so ta ga hanya ta uku a wayarta, in ba haka ba har asibitin za ta biyo ni.

Na yi mata godiya, ta ce godiyar me, ita kayanta take karewa. Da na kai ƙofa ta kira ni ta ce in gaishe ka, in ce Allah Ya buɗe idon. Muryarta ba irin ta ɗazu ba ce, shi ya sa ban juyo ba.

Direban bai san an ɓata masa suna ba, kada wanda ya gaya masa. Shi zai kawo wannan takarda yau, gobe kuma ya kawo ni. Matar mai hoto za ta kwana da Inna. Zan iso da yamma in Allah Ya yarda. Zan zauna in karanta maka modul ɗin daga farko har ƙarshe, kana kwance, idonka a rufe. In ka ji kuskure ka faɗa, in gyara a wurin. In ba ka ji ba, Auta ta riƙe wayar ta juya fuskar wayar ƙasa, ni in kama hannunka in ɗora yatsan a kai. Waɗancan biyun na gwaji kada ka amince da su, ba 'ya'yan kirki ba ne. Jibi kuma mu tafi wurin likita tare, duk abin da zai faɗa ya faɗa mana mu biyu.

Abu ɗaya nake roƙo. In ka ji sallamata a tsakar gida, kada ka ɗaga kai. Ka yi haƙurin kwana da kwanaki, kada ka ɓata shi saboda ni a daren ƙarshe. Ka zauna yadda kake. Ni zan durƙuso ƙasa, in leƙo ta inda fuskarka take.

Sai na iso. Wassalam.

Taka har kullum,
Matarka